Saniyar da Ta Yi Kuka a Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na tsaya gaban iyayen yara a makarantarmu ta Gwandu, cikin babbar riga da ta sha guga, makirfo a hannu, ina ji a raina kamar ni kaɗai aka raba wa hankali a duk garin. Har yanzu in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi. Amma kafin mu kai ga Asabar ɗin dole in gabatar muku da mutumin da ya jawo mini, wato Sanusi. (Shi cewa yake ni na jawo wa kaina. Ku saurara ku yanke hukunci, amma don Allah da ɗan sassauci.)

Sanusi taubashina ne, ɗan Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina da ke aure a Kalgo. Sa'annin juna ne mu, kuma tun muna yawo ba wando muke gardamar wane ne bawan wani, har yau ba a gama shari'ar ba. A wajen mutane wasan taubasai ne kawai. A wajena kuwa akwai abin da ke ƙarƙashin wasan, kuma bari in faɗe shi da sunansa tun yanzu in huta: kishi ne. Ina kishin Sanusi, kuma na san ranar da abin ya soma.

Shekarar da mahaifinsa ya dawo daga aikin hajji aka kai mu Kalgo yi masa barka. Ni aka ba ni hula da dabino. Sanusi kuwa aka ba shi wani ɗan akwati ruwan toka, bai fi tafin hannu ba, mai aiki da batir. Wasu 'yan bulo ke gangarowa daga saman gilashinsa, kai kuma kana jera su, yana ta ƙara tit-tit-tit. Wallahi ranar ko dabinon ban iya ci ba. Na bi Sanusi zaure, na bi shi bayan gida, na bi shi gindin darbejiya ina roƙo, shi kuma ba ya miƙo mini sai batir ya kusa mutuwa, lokacin da bulon suka koma kamar inuwa. Na koma Gwandu da hulata a kai da baƙin ciki a ciki.

Daga nan duk sabon abin da zamani ya kawo, Sanusi ne a gaba. Da aka fara wayoyin nan masu tocila, shi ya fara nuna mini macijin da ke cin ƙwaya yana ƙara tsawo. Da aka buɗe shagunan gem a bakin kasuwa, inda ake tayar da janareta samari su cika ɗaki suna buga ƙwallo a talabijin, sunansa ne a bakin kowa. Ni in na karɓi abin bugawar sai ɗan wasana ya juya ya nufi ragarmu da ƙwallo. Sai na yanke wa kaina shawarar cewa duk harkar shirme ce, na tafi na karanci aikin gona, shi ya tafi ya karanci kwamfuta. Na ce to, kowa ya kama gabansa.

Ashe ba a rabu ba. Ina zaman zamana a matsayin malamin aikin gona, sai ga Sanusi an turo shi makarantarmu, kullum da safe yana tahowa daga Kalgo a kan babur, da jaka rataye a baya kamar ɗan makaranta.

Kafin zuwansa safiyar Asabar tawa ce. Ina da ƙungiyar yara manoma, muna da gona bayan azuzuwa, muna shuka masara da wake da kuɓewa, in kaka ta yi a gasa masara a ci a yi raha. Sanusi na zuwa ya share wani ɗaki, ya gyara tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a sito, ya buɗe tasa ƙungiyar, ita ma ranar Asabar da safe. Yana koya musu buga rubutu da zane, in an kusa tashi ya bar su su ɗan buga gem. Kafin a ce me, yarana sun zube. Ina tsaye bakin gona da fartanyoyi jingine a bango, ina jiyo dariyarsu daga ɗakinsa. Shi suna kiransa "Malam Sanusi namu". Ni kuwa "Malamin gona", kamar ranar suna ba a yanka mini rago ba.

Kada ku ce ba ni da hujja ko kaɗan. Lallai yara sun fara lalacewa da wasan waya. Za ka ba da aikin gida a dawo maka da littafi fari fat. Za ka yi tambaya a aji ka ga yaro ya zabura kamar an tashe shi daga barci. Iyaye mata suna ta ƙorafi cewa a aiki yaro ɗebo ruwa sai a same shi a bayan ɗaki ya duƙufa kan gilashi. Damuwa ce ta gaske. Ni dai na ɗauke ta na yi sanda da ita don in doki taubashina. Na je wajen shugaban makaranta na zazzage masa cewa ɗakin Sanusi ne tushen bala'in. Shugaban, mutum ne da ba ya son hayaniya, ya ce ba zai raba mu da kansa ba. Ya ce a taron iyaye da malamai na ƙarshen zango kowa zai yi bayani, iyaye su zaɓi ƙungiya ɗaya da za a bar wa safiyar Asabar. Wanda ya faɗi ya rufe tasa. Na fito ina murmushi, don a ganina manoma da makiyaya ba za su taɓa zaɓen kwamfuta su bar gona ba.

Ana haka aka yi suna a gidan Gwaggo Hajo, muka haɗu a Kalgo. Bayan an ci an sha muna zaune a kan tabarma, Sanusi ya dube ni ya ce, "Taubashi, kai kullum zagin gem kaka yi, alhali ba ka san ko mi a ciki ba. Kawo wayarka in sa ma wani. Wanga na noma na, sana'arka ta."

Na ce ba na so. Ya ce ai tsoro nake ji. To, kun san taubashi bai isa ya ce ina tsoro in yi shiru ba. Na miƙa masa wayar ina cewa bincike zan yi, don in san makamar abokin gaba. (Wannan kalmar ta bincike na riƙe ta gam har ƙarshe. Ko matata Rabi da ita na riƙa kare kaina.)

Gem ɗin gona ce a cikin waya. A ba ka ɗan fili, ka shuka alkama, ka jira ta nuna, ka girbe, ka ciyar da kaji da shanu, ka tatsi madara, filinka ya ƙaru. Masu wasan kuma suna haɗuwa rukuni-rukuni, ana kiran kowane rukuni unguwa. Unguwanni na gasa da juna kowane mako, kuma wanda ya fi kowa tara amfani a cikin unguwa shi ke zama mai unguwa. Aka ce in zaɓi suna, ban yi wata-wata ba na rubuta Sarkin Noma. Sanusi ya sa ni a unguwarsu, inda shi ne mai unguwa. Na ga sunaye irin su Ɗan Gulbi da Mai Rake da Baƙin Doki. Na tambaye shi su wane ne, ya ce, "Mutanena na." Ban ƙara tambaya ba. Na ɗauka wasu zauna-gari-banza ne na Kano ko Legas. A saman shafin unguwar ya liƙa doka cewa ba a shiga gona sai bayan la'asar, ko ranar da babu aiki.

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Sai ya ce bari ya nuna mini tasa gonar.

Jama'a, na ga abin da ya tsaya mini a wuya. Shanu garke guda, kaji ba iyaka, injin niƙa, gidan burodi, har da wani ɗan tafki da agwagi ke iyo. Sanusi fa! Mutumin da in ka kai shi gona kafin amfani ya fid da kai ba zai bambance gero da dawa ba. Na dubi tawa, 'yar kunya biyu ta alkama da kaza ɗaya tana kallona. Nan take na ji abin da na ji a gindin darbejiya ya dawo mini sabo fil. Na ce a raina, a kwamfuta ka fi ni, a baki ka fi ni, a wajen yara ka fi ni, amma a noma kam, ko na ƙarya ne, ba ka isa ba.

Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne. Ina idar da sallar asuba, kafin in gama addu'a hannuna ya kai kan waya, don alkama ta nuna. Ina cin tuwo da dama, hagu na tatsar madara. Rabi ta yi magana har ta gaji. Wata rana ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, akuyar gidan ga tun jiya ba ta ga dusa ba, kai kana nan kana kiwon na cikin gilashi." Na ce mata bincike nake yi. Ta ce, "Allah shi ba da sa'a, in an gama binciken a biya ta wurin akuya."

Gonar makaranta kuwa, damina ta sauka, mun shuka masara, daga nan na soma cewa gobe za a yi noman fari. Goben nan ta yi ta ja da baya. 'Yan yaran da suka rage mini suna zuwa Asabar su same ni a gindin mangwaro kaina a sunkuye, in ce su fara ina zuwa. A cikinsu akwai Aminu, ɗan ajin ƙarshe, yaro mai hankali da ƙoƙari, ɗan wani makiyayi Alhaji Buba da ke zaune wajen Kambaza. Aminu na zuwa ɗakin Sanusi wani lokaci, amma bai taɓa yasar da gona ba. Shi nake nunawa in ana maganar yaran kirki.

Ranar da na tumɓuke Sanusi daga kujerar mai unguwa, wallahi ko ranar da na karɓi takardar kama aiki ban yi murna haka ba. Abu na farko da na yi shi ne goge dokarsa. Wace irin bayan la'asar? Alkama ta san la'asar ne? Na kafa tawa: duk wanda amfaninsa ya nuna bai girbe ba, ko wane lokaci ne, zan kore shi daga unguwa. Na zama wani irin azzalumin shugaba. Ina zaune a ofishin malamai tsakanin darasi da darasi ina aika saƙonni kamar mai ba da umarnin yaƙi. Ɗan Gulbi ya fi kowa ƙwazo, saboda haka shi na fi matsa wa. Akwai kuma wani maɓalli da ɗan unguwa ke dannawa in yana neman mai unguwa da gaggawa, sai wayar mai unguwa ta yi kukan saniya. Na ƙure ƙarar har ƙarshe don kada kira ya wuce ni.

Sanusi ya same ni a ofis ya ja kujera. Ya ce, "Taubashi, mai da dokar nan da ka goge. Kuma akwai maganar da nika son mu yi game da mutanen unguwar ga."

Na ce, "An karɓe sarauta shi na kaka jin zahi? Ka yi haƙuri, haka duniya take."

Ya ce, "Ba ita ba ta. Ka dai saurare ni."

Na ce ina da aji, na tashi na bar shi. Ya sake nema na a bakin masallaci, na ce in yana da magana ya tanade ta sai gaban iyaye. Ya dube ni ya ce, "To, Allah shi kai mu." Na tafi ina jin daɗi, wai yau ga Sanusi na kishina.

Ana saura kwanaki taro, na shiga ajin ƙarshe bayan hutun tara. Ina rubutu a allo na juyo, sai na hangi kan Aminu a sunkuye, hannuwansa a ƙarƙashin tebur. Na lallaɓa na damƙe. Waya ce, ya yi maza ya kashe gilashin. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma (Allah ya yafe mini) wani ɓangare na zuciyata har rawa ya yi. Ga hujja ta faɗo hannuna: yaron da ya fi kowa natsuwa ma ɗakin Sanusi ya lalata shi. A ƙa'idar makarantarmu, wayar da aka kama ana kai ta ofishin shugaba ne, ba a mayarwa sai a hannun uba, a gaban taro. Na kai ta da kaina.

A 'yan kwanakin nan kuma sai Ɗan Gulbi ya ɓace daga unguwa. Alkamarsa ta nuna har ta gaji, shanunsa na ta kuka. Ga gasa ta yi zafi. Na yi ta aika masa saƙo, tun ina lallashi har na koma zagi. Ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba. Mai kishi idonsa wuri ɗaya yake kallo, ni kuwa nawa na kan Sanusi.

Asabar ta zo. Zauren taro ya cika, iyaye maza a gaba, mata a baya, wasu sun taho tun daga Ceberu, wasu daga Dangoma. An ɗauko lasifika babba an ajiye. Sanusi ya fara magana, gajeriya, ya ce kwamfuta kayan aiki ce kamar fartanya, wasa kuma in an sa masa lokaci ba ya ɓarna. Aka ɗan tafa. Sai ni.

Na yi jawabi, ba yabon kai ba. Na ɗauko tarihi tun daga ɗan akwatin bulo, na bi ta kan maciji, na shiga shagunan janareta, na fito kan wayoyin yau. Na ce da can wasan yana ƙarewa in batir ya mutu, na yanzu kuwa ba ya ƙarewa, shi ke kiranka, ya hana ka ci, ya hana ka karatu, ya raba ka da iyalinka. Na kwatanta yadda mutum ke idar da salla hannunsa na rawa zuwa ga waya. Wani dattijo ya ce, "Wallahi kamar Malam shina gidana!" (Ina fa zai san a gidana nake.) Iyaye mata na ta gyaɗa kai. Na saci kallon Sanusi, ya dafe goshi. Na ce a raina, ka ji jiki.

Da na ga zaure ya zama nawa sai na ce a fito da Aminu, a kawo wayarsa. Yaron ya fito kansa a ƙasa. Mahaifinsa Alhaji Buba, dogo siriri da rawani da sanda, ya taso ya tsaya kusa da shi. Na ɗaga murya na ce, "Aminu, hwaɗa ma iyayenka gaskiya. Wa ya sa ka buga gem cikin aji? Kada ka ji tsoron kowa. Ko wane ne, yau sai mun tona mai asiri gaban jama'a!" Ina faɗa ina kallon Sanusi.

Aminu ya ce, "Malam, da can ba mu yi cikin aji. Malam Sanusi ya hana, sai bayan la'asar. To sai wani mutum ya amshe unguwarmu, yag goge dokar. Shi ka matsa muna. In ba ka girbe ba shi kore ka."

Na sauke makirfo daga bakina. Shugaban makaranta ya ce, "Wane mutum?"

"Ba mu san shi ba, ranka shi daɗe. Sunanshi Sarkin Noma."

"Kai kuma mi as sunanka a ciki?"

"Ɗan Gulbi."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun taɓa taka kunyar gona kuna zaton ƙasa ce ashe rami ne? Haka na ji. Mai Rake, Baƙin Doki, duk zauna-gari-banzan da nake zagi, ga su can zaune a bayan zaure cikin kayan makaranta. Na yi gyaran murya na ce, "To, jama'a, tunda ba a san shi ba, sai mu bar shi da Allah, mu ci gaba da..."

Alhaji Buba ya buga sandarsa a ƙasa. "A'a, Malam. Kai da bakinka kac ce sai an tona. Wanga mutum da ya hana ɗana karatu, ina son in san ko ɗan wa na."

Zaure ya ɗauka, "Ƙwarai! A tona!" Shugaba ya ce Aminu ya buɗe wayar. Saƙonnina suka yi ta shigowa kamar an buɗe famfo. Shugaba ya gyara tabarau, ya karɓi wani makirfo, ya soma karantawa da muryar nan tasa ta sanarwa.

"Ɗan Gulbi, kai wane irin rago ne? Shanunka na kuka kana ina?"

Aka yi tsaki.

"Ɗan Gulbi ya ce: ranka ya daɗe, yanzu ba dama, ana kallona. Sarkin Noma ya ce: ka sa ta ƙarƙashin tebur mana, haka kowa ke yi."

Zaure ya kaure da salati. Wata uwa daga baya ta ce, "Allah shi isa tsakaninmu da wanga ɗan banza!" Ni kuma, don kada a ga na yi shiru, na ce, "Amin." Da bakina na ce amin.

Sai Aminu, yaron kirki mai son taimako, ya ce, "Ranka shi daɗe, akwai wurin da aka dannawa a kira shi."

Wayata na cikin aljihun ƙirji na 'yar ciki, ƙarƙashin babbar riga. Hannuna na dama na riƙe da makirfo daidai ƙirjin, na hagu na riƙe da takardar jawabi. Na yi ƙoƙarin cusa hannu ta wuyan riga kamar mai sosa ƙaiƙayi, hannun rigar ya zamo daga kafaɗa ya naɗe ni. Ina kokawa da shadda shugaba ya ce, "Danna."

Saniyar ta yi kuka.

Ba ƙaramin kuka ba. Makirfo ya ɗauka, lasifika ta ninka, kukan ya cika zaure ya fita ta tagogi. Kowa ya shiga waige-waige. Aminu, da yake bai gane daga ina ƙarar ta fito ba, ya sake dannawa. Ta sake yi, daga tsakiyar ƙirjina, doguwa mai ban tausayi.

Alhaji Buba ya matso a hankali, ya karkata kai ya kasa kunne wajen aljihuna, kamar yadda zai yi a garke. Sannan ya ɗago ya ce, cikin natsuwa, "Malam, saniyarka ta. Tun sahe ba a tatse ta ba."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Dattawa na share hawaye da bakin rawani. Matar da ta yi Allah ya isa ta ce, "Kuma har da amin!" aka sake fashewa. Shugaba ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Yaran baya suka miƙe tsaye suna nuna ni, Mai Rake na cewa, "Ashe Malam na yac ce mani kan kabewa!" Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Aminu. Kallona kawai yake yi, kuma wannan kallon ya fi dariyar duka ciwo. Na buɗe baki na ce, "Jama'a, bincike..." Ban kai ƙarshe ba.

Sanusi ya taso, ya karɓi makirfon daga hannuna, ya gyara mini rigar a kafaɗa. Ya ce laifin har da nasa, shi ya sa mini gem ɗin, kuma bai gaya mini tun farko cewa yaranmu ne a ciki ba. Ya kare ni iyakar ƙoƙarinsa. Kun san abin da na ji? Haushi. Ko a ranar tonon asirina sai da ya fi ni kyan hali.

Wani uba ya ce kafin a yanke hukunci a je a ga gonar da ake magana a kai. Muka ɗunguma bayan azuzuwa. Ciyawa ta kai ƙugu, masarar ta yi rawaya ta tsaya tsugunne a ciki, sai gefe ɗaya da Aminu ya nome shi kaɗai. Manoma suka tsaya suna kallo. Nan ban ji dariya ba, kuma da ma dariyar aka yi.

Safiyar Asabar dai aka ba Sanusi, ba ko gardama. Ƙungiyata ta rufe. Na samu Aminu daga baya na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma ya roƙe ni in daina ce wa mutane rago. Sanusi kuma ya roƙi shugaba a bar gonar, yanzu yakan kawo yaransa su yi awa guda a ciki kafin su shiga ɗaki, ni kuma ina zuwa a matsayin baƙon da aka gayyata. A gonata. Yakan riƙe fartanya kamar mai riƙe da tsintsiya, yara na ta yaba masa. Sunan Malamin gona ya mutu, yanzu har masu sayar da ƙosai a bakin makaranta Sarkin Noma suke kirana, kuma in na juya ina rubutu a allo ba a rasa wanda zai yi kukan saniya ƙasa-ƙasa.

Labari ya riga ni isa Kalgo. Da na je gaida Gwaggo Hajo, ta bar ni na gama gaisuwa tsaf, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe tana bincike a tsohuwar adakarta. Ta fito ta ajiye mini wani abu a cinya. Ɗan akwatin nan ne ruwan toka, gilashin ya tsage, murfin batir ya ɓace.

Ta ce, "Amshi. Tun kana ƙarami nis san shi ad damuwarka. Tahi da shi Gwandu ka buga har ka ƙoshi, mu huta."

Yana nan a kan teburina, ba ya ko kamawa. Gem ɗin gona na goge shi tun a daren ranar taron, akuyar Rabi ta yi ƙiba. Abin da na koya kuwa bai da yawa: in za ka yi wa mutane wa'azi, ka bar wayarka a gida. In kuma ka duba ka ga don taubashinka kake wa'azin, to kai ma ka zauna gidan tare da ita.

Jiya Sanusi ke gaya mini wai ya koma kujerar mai unguwa, har ya sayi jirgin ruwa. Na ce masa ni yanzu waɗannan abubuwan ba sa gabana. Sai da ya hau babur zai tafi na ji bakina na tambayarsa ko jirgin babba ne.